Amsoshin Takardunku: Wa Ke Kula Da Hanyoyin Dajin Birnin Oslo?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Zariya. Ya ce wani ɗan'uwansa da ya yi karatu a ƙasar Norwe ya ba shi labarin cewa a can kowa yana iya shiga dajin wani ya yi yawo, mai daji bai isa ya hana ba. Shi ne yake so mu ba shi tarihin abin, da wanda ke gyaran hanyoyin in ƙanƙara ta rufe su, da kuma yadda ake yi da masu karnuka.

To Malam, ɗan'uwanka bai yi maka ƙarya ba. Al'ada ce tun ta kaka da kakanni, suna ce mata "allemannsretten", wato hakkin kowa da kowa. A shekarar 1957 aka mayar da ita doka a rubuce: daji da dutse da bakin ruwa kowa ya bi da ƙafa duk shekara, muddin bai yi ɓarna ba. Gona kuwa ba a keta ta sai ƙasa ta daskare ko dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta, shi ma ban da tsakanin 30 ga Afrilu da 14 ga Oktoba.

Sai dai doka izni kawai ta bayar, ba ta share wa kowa hanya ba. Don ka ga masu wahalar, bari mu ɗauki dajin da ya kewaye Oslo, babban birnin ƙasar, wanda ake kira Marka. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,700, kuma babban yanki na arewacinsa mallakar iyali ɗaya ne, zuri'ar Løvenskiold, waɗanda sana'arsu yankan katako. A 1868 wani mai banki, Thomas Heftye, da abokansa suka kafa ƙungiyar masu yawon ƙafa. A 1883 aka kafa ta masu zamiya a kan ƙanƙara, Skiforeningen, wato masu ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa suna sulu. Bayan rasuwar Heftye, hukumar birni ta sayi dajinsa na Frognerseteren a 1889 don amfanin talakawa, kuma a 1916 jirgin ƙasa ya isa wurin. Daga nan fa lebura ma ya samu zuwa ranar Lahadi. A 2009 aka yi wa dajin doka tasa, aka shata iyaka, ba a gini a ciki sai da izni na musamman.

Aikin an raba shi ne. Hanyoyin ƙafa na lokacin zafi ana shafa musu shuɗin fenti a jikin itatuwa, galibi 'yan sa-kai ke yi. Hanyoyin zamiya kuwa jan fenti ne, kuma tsawonsu gaba ɗaya ya kai kilomita 2,600, ka ga ya ninka tafiyar Kano zuwa Ikko. Hukumar birni na gyara wasu, Skiforeningen na gyara wasu da kuɗin da mambobinta ke biya. Da dare ko da asuba wata mota mai kama da katafila ke bi tana danne ƙanƙarar, tana yanka layuka biyu daidai faɗin ƙafafun mai zamiya. Tun kaka ma an fara aiki: sare rassa, gyara gadoji, haƙa magudanan ruwa. Wasu hanyoyin an sa musu fitilu, domin a watan Disamba rana kan faɗi a Oslo da misalin ƙarfe uku da 'yan mintoci. Duk da haka ba a karɓar ko anini a bakin hanya. Wanda ya biya kuɗin ƙungiya da wanda bai biya ba layi ɗaya suke bi.

A nan rigima take. Direba ya kwana yana gyara layi, gari na wayewa mai yawon ƙafa ya bi da takalmi ya lotsa shi. Mai zamiya ya yi faɗa, shi kuma ya ce ai dokar 1957 ta ba shi. Kusan kowane hunturu jaridun ƙasar sai sun cika da wannan cacar baki, kuma abin da aka fi yi shi ne roƙon masu ƙafa su bi gefe, ko a ware musu tasu hanyar. A ganinmu mai ƙafa yana da gaskiya a takarda, amma dokar nan da yake kafa hujja da ita ta ce a yi tafiya da lura da hakkin wasu.

Batun kare kuwa, Malam, kada ka auna shi da namu na farauta ko gadi. A can kare abokin tafiya ne, wasu ma sukan ɗaura igiyarsa a ƙugu ya ja su a kan ƙanƙara. Dokar karnuka ta 2003 ta ce daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta dole kare ya kasance a ɗaure a ko'ina cikin ƙasar, saboda lokacin ne tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, namun daji na haihuwa, tumaki kuma suna kiwo a sake. Abin mamaki, hunturu ba ya cikin wannan wa'adi, alhali lokacin ne sakakken kare kan gifta gaban mai gangarowa da gudu ya kayar da shi. Don haka aka bar wa ƙananan hukumomi ikon ƙara nasu sharaɗin a kan wasu hanyoyin zamiya. Ko ba wa'adi, tilas mai kare ya zama yana iko da abinsa, kuma ana sa rai ya kwashe kashinsa. Wanda ya bari, ƙanƙara za ta rufa masa asiri har watan Afrilu, in ta narke kowa ya gani.

Sabuwar damuwar masu gyaran hanya ita ce ƙanƙarar kanta. Da ɗumamar yanayi hunturun Oslo ya gajarta, ruwan sama kan sauka a tsakiyarsa ya wanke aikin mako guda, har ta kai a wasu wurare kusa da gari sai an kunna inji ya ƙera dusar kafin mota ta samu abin da za ta danne.