Tangal-tangal

Tangal-tangal (amsa-kama). Ana haɗa ta da "yi" ko "na": ya yi tangal-tangal, tana tangal-tangal.

1. Motsin abin da ya rasa gindin zama, yana karkata dama da hagu kamar zai kife amma bai kai ƙasa ba. Haka yaro mai tatata ke yi idan ya saki bango, haka ma tulu a kan gammon da bai zauna ba, ko kwalekwalen da aka cika wa kaya a Kogin Kwara.

2. Halin rashin tabbas a mulki, kasuwa ko aure. A nan 'yan jarida suka fi morar kalmar. Darajar naira ta yi tangal-tangal bayan Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji a watan Yunin 2023: dalar da ake saya kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, magidanta kuma suka ji a jikinsu wajen cefane. Kujerar mulkin Nijar ma ta sha wannan rawa, domin sojoji sun karɓe ta a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023.

Dangoginta: tangaɗi na mashayi ne ko mai jiri, rangaji na reshe ne ko mai tafiyar yanga, girgiɗi kuwa na haƙori ne ko turke. Kishiyoyinta su ne daram da ƙyam.