Kaboyin Talabijin a Bakin Tsofaffin 'Yan Makarantar Amurka

Akwai wata al'ada da mutanen Amurka suka riƙe da kyau, watau taron 'yan aji ɗaya na makarantar sakandare. Bayan shekara 10 da fita akan taru, sa'an nan bayan 25, sa'an nan babban taro na cika shekara 50. Tun da sauran watanni ake kafa ɗan kwamiti, a ɗauko littafin nan na hotunan 'yan aji da makarantunsu kan buga duk ƙarshen shekara, a bi shi suna-suna ana cigiya: wane yana ina, wance wa ta aura, wa da wa suka riga mu gidan gaskiya. Aikin kwamiti ke nan, neman zaure da kuɗin abinci da adireshin mutane. Amma kowa ya san halin tsofaffi idan sun haɗu. Kafin a gama maganar kuɗi hira ta ɓalle, kuma idan 'yan ajin da suka fita tsakanin 1960 da 1970 ne, da wuya a tashi ba a taɓo wasannin kaboyi na talabijin ba. Wannan ya tuno Gunsmoke na daren Asabar, wancan ya tuno Bonanza na daren Lahadi, wani kuma ya kama kiɗan da ake buɗe Rawhide da shi.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi mutanen da suka tashi a garuruwa masu nisan mil dubbai da juna suke da tunanin ƙuruciya iri ɗaya haka? Kuma wannan “zamanin da” da aka nuna musu suna yara, nawa ne gaskiya a cikinsa? Don mu sami amsa, bari mu ɗauki ɗan ajin 1965. An haife shi wajen 1947. Yana ɗan shekara 8 aka fara Gunsmoke, yana da 28 aka daina. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu bukace shi nan gaba.

Kaboyi na gaske makiyayi ne ɗan ƙwadago, ba wani abu ba. Sana'ar ma ba Turawan Ingila suka zo da ita ba. Daga makiyayan Meziko aka koye ta, da sirdinta da ƙaiminta da igiyar zargenta. Da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, sai ga shanu sun yi yawa a jihar Texas har sun zama kamar na daji, sa bai wuce dala 4 ba a can, alhali a kasuwannin arewa yakan kai dala 40. A 1867 wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya gina kara a bakin hanyar jirgin ƙasa a garin Abilene ta jihar Kansas. Daga nan fa aka shiga koro garkuna a ƙasa, shanu 2,000 ko 3,000 a hannun mutum goma sha wani abu, ana cin mil 10 zuwa 15 a yini, tafiyar wata biyu ko uku. Wanda ya ji labarin fataken shanunmu da suke kora dabbobi a ƙasa daga Arewa zuwa Kurmi, to ya san rabin zancen: ƙura, ƙishirwa, ƙetaren kogi, kwanan zaune don kada garke ya firgita ya watse. Ladan wannan wahala kuwa wajen dala 30 ne a wata.

Zamanin bai yi tsawo ba. Waya mai ƙaya, wadda aka yi wa rajista a 1874, ta sa manoma suka shinge filaye. Jirgin ƙasa ya shiga har cikin Texas. Sa'an nan matsanancin sanyin 1886 zuwa 1887 ya yi wa garkuna kisan ƙare dangi. Duka-duka dai shekara 20 ne. Watau wasan Gunsmoke shi kaɗai ya yi tsawon rai daidai da zamanin da yake ba da labarinsa.

Ba a jira zamanin ya shuɗe ba aka fara mai da shi tatsuniya. A 1883 William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, ya kafa wasan dandali na sukuwa da harbi da kwaikwayon yaƙi, har ya kai shi Landan a 1887 Sarauniya Biktoriya ta kalla. Silima ta karɓa daga hannunsa. Fim ɗin The Great Train Robbery na 1903, wanda ake ƙirga shi cikin na fari, a jihar New Jersey aka ɗauke shi, can gabas, inda babu ko ƙanshin Yamma.

Talabijin ta zo ta tarar da tuwo a kwashe. A 1950 gidajen Amurka masu akwatin talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma zuwa 1960 sun kusa tara cikin goma. Manyan tashoshi kuwa uku ne tak, NBC da CBS da ABC. Amsar tambayarmu ta fari ke nan: yaron birnin New York da na ƙauyen Montana abu guda suke kallo a dare guda, gari ya waye su je makaranta su maimaita shi a filin wasa. Da farko ma yara aka nufa. Hopalong Cassidy da The Lone Ranger duk a 1949 suka fara, sa'an nan kamfanin Disney ya fito da Davy Crockett a ƙarshen 1954, har yaran ƙasar suka haukace a kan wata hular fata mai jela a baya, irin ta gogan.

Shekarar 1955 ce ta juya al'amarin. Mutane sun rage zuwa gidajen silima, kamfanonin Hollywood suna neman mafita, ga su kuma da dawaki da malafu da garuruwan katako a ajiye tun zamanin finafinai. Tashar ABC, wadda ita ce ƙurar baya a cikin ukun, ta ƙulla da kamfanin Warner aka yi Cheyenne. CBS kuma ta ɗauko Gunsmoke daga rediyo, inda ake yin sa tun 1952, ta ba James Arness matsayin Matt Dillon, shugaban 'yan dokan Dodge City, John Wayne da kansa ya gabatar da kashin farko. Waɗannan don manya aka yi su. Abin ya karɓu fiye da zato, kuma ka san ɗan kasuwa, inda ya ga an sami riba nan kowa zai dungumo. A kakar 1958 zuwa 1959, bakwai daga cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a ƙasar na kaboyi ne, kuma a 1959 ana nuna kusan 30 a mako cikin sa'o'in dare.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaunar tarihi ce ta kawo wannan. Bonanza, wanda ya fara a 1959, mai launi aka yi shi a lokacin da kusan kome baƙi da fari ne, domin kamfanin RCA mai mallakar NBC yana son sayar da akwatuna masu launi. Korayen duwatsun Ponderosa talla ce. Daga baya motocin Chevrolet suka ɗauki nauyinsa, kamar yadda taba sigarin L&M ta ɗauki nauyin Gunsmoke. Bugu da ƙari, zamanin gaba da Rasha ne, kuma ƙasar da take ganin kanta ɗan dokan duniya ba za ta ƙi labarin mutum guda mai gaskiya da libarba a ƙugu ba, wanda ba ya fara harbi amma idan ya zaro ba ya kuskure.

A nan ne ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya ya duba da kyau. Wani masani, Robert Dykstra, ya bi jaridu da takardun manyan garuruwan shanu biyar na Kansas, har da Dodge City da Abilene, ya fito da littafinsa a 1968. Tsakanin 1870 da 1885 kisan kai 45 ya ƙirga a cikinsu duka. Ga ƙananan garuruwa wannan ba kaɗan ba ne, amma ina aka kama hanyar abin da talabijin take zubarwa a 'yan makonni? Har ma garuruwan nan suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari. Baƙo ya iso sai ya ajiye tasa. Matt Dillon kuwa, wanda shekara da shekaru ake buɗe wasan da shi yana musayar wuta a tsakiyar titi, ba a taɓa yin sa ba, marubuta suka ƙaga shi.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne mutanen da aka share. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka koro shanu daga Texas baƙaƙen fata ne, da yawansu bayi ne da aka 'yanta, ga kuma 'yan Meziko masu yawa. Akwai irin su Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta ya zama ɗan doka na gwamnatin tarayya fiye da shekara 30. Amma ɗan ajinmu na 1965 ya gama sakandare bai taɓa ganin wasan kaboyi na mako-mako da baƙin mutum yake cikin manyan taurarinsa ba. A 1968 aka yi The Outcasts da Otis Young, shi ma kaka ɗaya ya yi. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, waɗanda mu a nan muka saba ce wa Indiyawan daji saboda haka fim ya nuna mana su, galibi ko dai maharan da ke ihu a kan tudu ne, ko kuwa yaron gida mai biyayya. Jay Silverheels, ɗan ƙabilar Mohawk daga Kanada, ya yi shekaru yana fitowa a matsayin Tonto yana magana da gurguwar Ingilishi da aka rubuta masa. Ƙwace ƙasa, da karya alkawura, da kisan Wounded Knee na 1890 inda sojoji suka hallaka 'yan ƙabilar Lakota fiye da 200, maza da mata da yara, ba su ne abin hirar daren Asabar ba. Gaskiya ne akwai kashi-kashi a Gunsmoke da Bonanza da suka yi tir da wariya, kuma ba daidai ba ne a hana su wannan yabo. Sai dai ko a cikinsu Bature ne mai ceto.

Yanzu mu koma ga lissafinmu. A watan Maris na 1965 sojojin ƙasa na Amurka suka sauka Da Nang a Biyetnam, 'yan watanni kafin ɗan ajinmu ya karɓi takardarsa. Yaran da suka yi wasan kaboyi a bayan gida su aka ɗiba, kuma a bakin sojojin, yankin da ke hannun abokan gaba sunansa ƙasar Indiyawa. Amurkawa fiye da 58,000 ba su komo da rai ba, ban da miliyoyin mutanen Biyetnam. Daga nan tatsuniyar ta fara tsami. A 1968 aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy, aka taso wa tashoshi a kan yawan nuna harbi. A 1970 littafin Dee Brown, Bury My Heart at Wounded Knee, ya ba da tarihin Yamma daga ɓangaren waɗanda aka ci da yaƙi. A 1973 'yan gwagwarmayar Indiyawa suka mamaye Wounded Knee har kwana 71. Su ma masu talla sun gano cewa tsofaffi da mutanen karkara ne suka rage wa kaboyi, su kuwa matasan birni masu kashe kuɗi suke nema. Bonanza ya tsaya a Janairun 1973, 'yan watanni bayan rasuwar Dan Blocker, mai fitowa a matsayin Hoss. Gunsmoke ya kai kashi 635, aka nuna na ƙarshe a ƙarshen Maris na 1975. Bayan wata guda birnin Saigon ya faɗi.

Mu ma guguwar ba ta bar mu ba, ko da yake ta gidajen silima ta fi shigo mana. Kalmar kaboyi kanta shaida ce. A Nijar ma Moustapha Alassane ya yi fim a 1966, Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga tafiya da akwati cike da malafu da bindigogi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shi dai tun a lokacin ya hango abin da kayan aro kan yi wa mai su.

Taron tsofaffin ɗaliban kansa yana ɗauke da irin wannan giɓi. Kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata tun 1954, amma a yawancin garuruwan kudu sai wajen 1970 aka aiwatar. Saboda haka a gari guda akan sami ajin 1965 kashi biyu, na farare da na baƙaƙe, kowa da littafin hotunansa. Da aka zo haɗewa kuwa, makarantun baƙaƙen ne aka fi rufewa ko a mai da su na ƙananan yara, malamansu da dama suka rasa aiki. Tsofaffin ɗalibansu suna yin taronsu da sunan makarantar da babu ita, wani lokaci su haɗa dukan azuzuwa wuri ɗaya don yawansu ya ragu. Su ma sun kalli Gunsmoke a daren Asabar ɗin nan, sun kuma yi wasan kaboyi, kuma a cikinsu akwai jikokin mutanen da suka kora shanu zuwa Abilene.

'Yan ajin 1965 sun yi taron cika shekara 50 a 2015, na 60 kuma ya faɗo a 2025. A irin waɗannan tarurruka akan keɓe tebur guda a jera hotunan waɗanda suka rasu, ana farawa da na samarin da suka tafi tun ba su kai 25 ba. James Arness ya rasu a 2011 yana da shekara 88.