Aikin da ake yi da ƙeya ga fili

Abu na farko da ake koya wa sabon mai kula da 'yan kallo a Glasgow shi ne ya juya wa ƙwallo baya. Idonsa na kan jama'a da matakala da ƙofar fita. Haka na tsaya a Celtic Park daren 7 ga Nuwamba 2012, cikin rigar aiki mai ruwan ɗorawa, lokacin da Celtic ta doke Barcelona da ci 2 da 1, ɗan Kaduna Efe Ambrose yana cikin masu tsaron baya. Ƙwallon da Tony Watt ya ci ban gan ta ba. A fuskar wani dattijo na karanta ta: ya buɗe baki, ya damƙe wuyan jikansa, sai hawaye, simintin da ke ƙarƙashina kuwa yana rawa.

Tsofaffin ma'aikata ba sa wasa da wannan doka, domin sun san abin da ya haife ta. A 1902 wani dandalin katako ya rufta a Ibrox ana wasan Sikotland da Ingila, mutum 25 suka mutu. Daga nan aka koma tara ƙasa ana yin tudu, jama'a su tsaya a kai. Tudun ya ɗauki mutane fiye da kima. A 1937 sama da mutum 149,000 suka cika Hampden don kallon Ingila, filin da a yau bai wuce 52,000 ba.

Sai ranar 2 ga Janairu 1971, a Ibrox, filin Rangers. Jimmy Johnstone ya ci wa Celtic ana dab da tashi, Colin Stein ya farke wa Rangers. Jama'a na gangarowa ta matakala ta 13 aka yi turmutsutsu, ƙarafunan riƙo suka lanƙwashe, mutum 66 suka rasu, ciki har da yara biyar 'yan gari ɗaya, Markinch. An daɗe ana cewa masu fita ne suka juyo da jin ihun ci, amma bincike ya ƙaryata hakan. Wannan ƙage yana ƙona mini rai, don ya ɗora laifi a kan mamatan, alhali an taɓa rasa rayuka a matakalar nan tun 1961. Willie Waddell na Rangers ya jagoranci sake gina Ibrox bisa tsarin filin Dortmund, aka kuma yi dokar lasisin filaye a 1975.

Giya ma haka ta fita. Bayan rikicin wasan ƙarshe na Kofin Sikotland a 1980, inda 'yan sanda suka shiga Hampden bisa dawakai, aka hana ta ga 'yan kallo. Yanzu a hutun rabin lokaci za ka ga dogon layin masu sayen Bovril mai zafi, kowa na hura hannu saboda sanyi.

Da kujeru suka maye gurbin tsayuwa, matasa sun yi ta ƙorafin cewa kujeru sun kashe armashin kallo, kuma suna da gaskiyarsu. A 2016 Celtic ta buɗe sashen tsayuwa mai ƙarfen riƙo a kowane layi. Na goyi bayansa, domin kowa da lambar wurinsa, kuma ana ƙirga kowane mutum kafin ya hau.