Dajin Amurum: Abin da Haƙar Kuza ta Bari

Dajin Amurum, wanda ke kusa da ƙauyen Laminga a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga birnin Jos, faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma yana cikin 'yan wuraren da suka rage da ke nuna yadda tsaunin Filato yake kafin Turawa su fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20. Da kamfanoni suka kafu, ma'aikata kuma suka kwararo daga ƙasar Hausa da sauran sassan Najeriya, sai buƙatar itacen girki da filin noma ta cinye dazuzzukan yankin, har daga baya hukuma ta koma dasa itacen turare, wanda asalinsa na Ostareliya ne, a kan kufan ma'adinai.

Amurum dai ya tsira, kuma mutanen Laminga, waɗanda Afizere ne, sun amince a killace shi. Wannan yarda ce ta ba da damar kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin a 2001, tare da Jami'ar Jos.

Tsirran dajin sun bi yanayin ƙasar. A bakin rafuka akwai kurmi, wato dogayen itatuwa masu haɗa kai da ba sa rasa ganye ko da rani, irin su malmo. A fili kuwa akwai ɗinya da namijin kaɗe da ɗorawa, wadda jajayen furanninta ke rataye kamar ƙwallo tun kafin ruwan fari, da kuma maje, wanda ake ƙona ƙaronsa don ƙamshi, kuma sabon tohonsa yakan fito ja kafin ya koma kore. A kan duwatsu, inda ƙasa ba ta kai tafin hannu ba, itatuwan dangin ɓaure ne ke cusa saiwa cikin tsaga suna rayuwa, kuma 'ya'yansu ne abincin tsuntsaye da yawa daga cikin fiye da iri 300 da aka ƙidaya a dajin.

Gatari da gobarar rani ba su daina yi wa dajin barazana ba, amma akwai wani abokin gāba da ba a cika kula da shi ba, wato lantana, wata shuka mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka don ado, wadda ke yin duhuwa tana hana ƙananan itatuwan gida tasowa. Shinge da mai gadi ba sa maganinta. Sai an bi ta an tumɓuke da hannu.