Wasiƙa daga Landan: jirgin yaƙin da ya kuɓuta daga hannun 'yan gwangwan

A yau ina so in ba ku labarin wani jirgin ruwan yaƙi mai suna HMS Belfast, wanda ke girke a kan kogin Tems a tsakiyar Landan, dab da gadar Tower Bridge. Ya daina yaƙi tuntuni, an mayar da shi gidan tarihi, kowa ya sayi tikiti sai ya shiga ya zagaya. Na je na gan shi, kuma tarihinsa ya isa a zauna a ji.

An ƙera shi a birnin Belfast na Ailan ta Arewa, a masana'antar Harland and Wolff, wato wadda ta ƙera Titanic. An sa shi a ruwa ranar 17 ga Maris 1938, ya kama aiki a watan Agustan 1939, saura 'yan makonni Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Tsawonsa mita 187 ne, hawansa tara daga sama zuwa can ƙasa inda injuna suke. Yana da manyan igwa 12, an jera su uku-uku a wuri huɗu, biyu a gaba biyu a baya. Don mutane su gane nisan da harsashinsu ke kaiwa, an saita igwogin gaba suna fuskantar wata tashar hutun matafiya da ke kan babbar hanyar M1, kimanin kilomita 20 daga inda jirgin yake.

Bai daɗe da fara aiki ba ya gamu da tsautsayi. Ranar 21 ga Nuwamba 1939, yana fita daga mashigin ruwan Forth a Sikotilan, wata nakiyar Jamusawa ta tashi a ƙarƙashinsa. Irin nakiyar nan ba sai jirgi ya taɓa ta ba. Tana kwance a ƙasan teku, da zarar jirgi ya gifta ta samanta sai maganaɗisun ƙarfen jikinsa ya tayar da ita. Ƙarfin fashewar ya lanƙwasa ƙashin bayan jirgin, har sai da aka shafe kusan shekara uku ana gyara. Ya koma bakin daga a Nuwamban 1942, da ƙarin sulke da sabbin na'urorin rada masu hango jirgi cikin duhu.

Aikin da aka ba shi daga nan shi ne rakiyar ayarin jiragen kaya masu kai wa Tarayyar Sobiyat makamai da abinci, ta tekun da ke arewa da Norway zuwa tashar Murmansk. 'Yan uwa, sanyin da muke kuka da shi a nan wasan yara ne. A can, ruwan da igiyar teku ta watso kan jirgi nan take yake daskarewa, dole sojoji su fito da guduma suna farfasa ƙanƙara, domin in ta yi yawa nauyinta zai iya kifar da jirgin. Wanda ya faɗa ruwa kuwa, mintuna kaɗan ne suka rage masa. A watan Disamba rana ba ta ma fitowa a wannan yanki.

Cikin wannan duhu aka yi karon da ya fitar da sunan Belfast. Ranar 26 ga Disamba 1943, babban jirgin yaƙin Jamus mai suna Scharnhorst ya fito farautar wani ayari. Belfast, tare da jiragen Norfolk da Sheffield, ya hango shi a rada, suka tare masa hanya har sau biyu. Da Scharnhorst ya juya zai koma gida, sai Belfast ya bi sawunsa yana sanar da babban jirgin Ingila, Duke of York, inda yake. Da yamma suka rutsa da shi. Belfast ya harba harsashi mai haske sama, dare ya zama kamar rana, aka yi ta ruwan wuta har Scharnhorst ya nutse. Mutum 1,968 ne a cikinsa. Mutum 36 kacal aka tsamo da rai.

Ina roƙonku ku sake duba wannan lissafi. Mai yawon buɗe ido ya fi son ya tsaya gaban igwa ya ɗauki hoto, ga fenti yana ƙyalli, ga tuta tana kaɗawa. Amma aikin igwar nan ke nan: mutum sama da 1,900 a dare ɗaya, da yawansu samari, kowanne da uwar da ke jiran wasiƙarsa. Gwamnatin da ta tura su azzaluma ce, kuma da sun kai ga ayarin da su ma sun nutsar da wasu. Duk da haka, wanda ya fito daga jirgin nan bai tuna da su ba, rabin labarin kawai ya ji.

Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ranar 6 ga Yuni 1944, Belfast na cikin jiragen da suka yi luguden wuta a gaɓar Nomandi ta Faransa domin share wa sojojin ƙawance hanyar sauka. Ya yi kimanin mako biyar a can. Daga 1950 zuwa 1952 ya yi yaƙin Koriya, inda a 1952 harsashi daga gaɓa ya same shi, ya kashe wani ma'aikacin jirgin ɗan ƙasar Sin daga Hong Kong. Ya kuma taɓa zuwa Afirka: a Disamban 1961 yana Darussalam lokacin bikin samun 'yancin Tanganyika, ya shaida saukar da tutar daular da aka ƙera shi domin ya kare. A 1963 aka ajiye shi.

Ni abin da ya fi kama hankalina a ciki shi ne rayuwar talakan soja. A lokacin yaƙi mutum kusan 950 ke zaune a jirgin. Ba gado, sai raga da ake ratayewa a ƙugiya, kuma faɗin wurin da aka ware wa kowa inci 21 ne, wato bai kai tsawon hannu ba. Inda suke kwana nan suke cin abinci. Akwai gidan burodi, da ɗakin wanki, da ɗakin tiyata, da na likitan haƙori, har da kurkukun ladabtarwa. Can ƙasa kuma akwai ma'ajiyar harsasai, ƙarƙashin sulke, ƙasa da fuskar ruwa. Masu aiki a nan ba su ganin yaƙin, sai dai su ji shi a jikin bango, kuma in jirgi ya fara nutsewa su ne nesa da mafita. Matakalar da ake sauka da ita a tsaye take kamar tsanin hawa rumbu. Duk wanda zai zo, kada ya sa babbar riga.

To, yaya aka yi ya tsira? Ingila ba ta ajiye ko ɗaya daga manyan jiragen yaƙinta irin su Duke of York ba, duk an yayyanka su an sayar da ƙarfen. A 1967 jami'an gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum suka fara duba wani jirgi mai suna HMS Gambia, sai aka tarar ya riga ya lalace, hankali ya koma kan Belfast. A farkon 1971 gwamnati ta ce ba za ta adana shi ba. Sai wani tsohon kyaftin ɗin jirgin, Morgan Morgan-Giles, wanda a lokacin ɗan majalisa ne, ya jagoranci wata gidauniya mai zaman kanta suka matsa lamba har aka miƙa musu shi. An buɗe shi ga jama'a ranar 21 ga Oktoba 1971, kuma a 1978 ya koma ƙarƙashin Imperial War Museum. Ƙarfe a cikin ruwa kullum tsatsa na cinsa, don haka hidimar ba ta ƙarewa. A 2010 an sauya dogayen turakunsa biyu da sababbi da aka ƙera a Rasha, kyauta daga can, domin tunawa da ayarin Murmansk.

Gambia ɗin nan da na ambata tana da 'yar uwa, kuma sunanta zai ba ku mamaki: HMS Nigeria. Ingila ta ƙera wani rukunin jirage ta raɗa musu sunayen ƙasashen da take mulka, irin su Kenya, Uganda, Jamaica da Fiji. HMS Nigeria ta riga Belfast rakiyar ayarin Rasha, a 1941 da 1942. A Agustan 1942, tana rakiyar ayarin kai agaji tsibirin Malta, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe ta, mutum 52 suka mutu, amma ba ta nutse ba. Bayan yaƙi aka sayar wa Indiya, ta koma INS Mysore a 1957, ta yi aiki har 1985, sannan aka farfasa ta.

Jiragen nan biyu sa'o'in juna ne, a 1939 aka sa Nigeria a ruwa, kuma sun sha sanyin teku ɗaya. Yau 'yan makaranta na layi su shiga Belfast, Nigeria kuwa sai a hoto. Bambancin shi ne Belfast ya samu mutanen da suka tsaya masa a daidai lokacin da aka yanke hukuncin zubar da shi. Haka tarihi yake, abin da aka samu mai tsaya masa shi jikoki ke gani da idonsu. Shi ya sa nake roƙon na gida, in akwai tsohon hoto ko takarda ko lambar girma a ƙasan akwatin tsofaffinmu, a adana, a kuma tambayi labarinsa tun masu bayarwa na raye.

Duk wanda Allah Ya kawo shi Landan cikinku, ya ware awa uku, ni zan yi rakiya. A gaishe da su Baba da Inna, da duk wanda ya tambaye ni. Sai wasiƙa ta gaba.