Daga Urushalima Zuwa Iliya: Sunayen Garuruwa da Ikon Masu Mulki

Sau da yawa idan muna karanta Littafi Mai Tsarki mukan tsallake sunayen garuruwa da sauri, muna neman inda koyarwa take. Amma marubutan ba su tsallake su ba. Sukan tsaya su gaya mana cewa Betel a dā Luz ne (Farawa 28:19), Hebron Kiriyat-arba ce, Dan kuwa Layish ne kafin kabilar Dan ta ci garin da yaƙi, ta sa masa sunan kakanta (Mahukunta 18:29). Duk inda suna ya canja, wani abu ya faru a wurin: ko an sadu da Allah, ko an yi ciniki, ko an zub da jini.

A Tsohon Alkawari muna ganin sarakunan Isra'ila suna yin haka. Da Dawuda ya ƙwace kagarar Sihiyona daga hannun Yebusiyawa, sai aka riƙa ce da ita Birnin Dawuda (2 Sama'ila 5:7-9). Omri ya sayi tudu daga wani mutum mai suna Shemer a kan talanti 2 na azurfa, ya gina babban birninsa, ya kira shi Samariya, da sunan mai filin (1 Sarakuna 16:24). Annabawa ma sun yi yaƙi da suna. Yusha'u ya ƙi kiran Betel "gidan Allah" bayan an kafa ɗan maraƙin zinariya a can, ya ce da shi Bet-awen, wato gidan mugunta (Yusha'u 4:15).

A zamanin Romawa abin ya zama dabarar mulki sosai. Hirudus Babba ya san cewa gadon sarautarsa yana hannun Kaisar Augustas, saboda haka ya yi ta biyan bashinsa da sunayen birane. Ya sāke gina Samariya ya kira ta Sebaste, daga laƙabin Augustas a harshen Helenanci. Ya gina tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Rum ya kira ta Kaisariya. 'Ya'yansa suka bi sawunsa. Antifas ya gina Tibariya wajen shekara ta 20 bayan haihuwar Almasihu domin girmama Kaisar Tibariyas, har sunan ya mamaye tafkin da kansa. Shi ya sa Yahaya 6:1 ya ba mu suna biyu, Tekun Galili da Tekun Tibariya, don masu karatu na nesa su gane.

Kaisariya Filibi ta fi kowanne amfani ga mai wa'azi. Tsohon sunan wurin Faniyas ne, saboda wani kogo da aka keɓe wa Fan, gunkin makiyaya na Helenawa. Hirudus ya gina wa Augustas haikali a yankin, ɗansa Filibus kuma ya faɗaɗa garin ya haɗa sunan Kaisar da nasa. To, a wannan yanki ne Yesu ya tambayi almajiransa ko shi wane ne, Bitrus kuma ya shaida shi Almasihu ne, Ɗan Allah (Matiyu 16:13-16). Idan muka tuna cewa Augustas yana ɗauke da laƙabin "ɗan allah" a kan kuɗin da ake kashewa a kasuwa, za mu ji nauyin amsar Bitrus. Ya furta ta a ƙasar da sunanta kansa yake shelar wani ubangiji dabam.

Canjin da ya fi kowanne zafi ya sami Urushalima. Sojojin Titus sun rushe ta a shekara ta 70. Wajen shekara ta 130 Kaisar Hadiriyan ya ƙudura gina birnin Romawa a kan kangon, mai suna Iliya Kafitolina. Iliya daga sunan gidansu ne, Kafitolina kuwa daga Jufita, babban gunkin Roma. Yahudawa suka yi tawaye a ƙarƙashin Bar Kokeba daga 132 zuwa 135, aka murƙushe su, aka hana su shiga birnin, aka kuma sauya sunan lardin daga Yahudiya zuwa Suriya Falasdinu. Wannan ya taɓa ikkilisiya kai tsaye. Yusibiyus, masanin tarihin ikkilisiya, ya nuna cewa har zuwa lokacin shugabannin ikkilisiyar Urushalima Yahudawa ne masu bi, amma daga nan shugabancin ya koma hannun al'ummai, Markus ne na farkonsu.

Sabon sunan ya kama ƙwarai. Yusibiyus ya ba da labarin wani mai bi daga Masar da aka gurfanar a Kaisariya wajen shekara ta 310. Da gwamna ya tambaye shi garinsu, ya ce Urushalima, yana nufin ta sama. Gwamnan bai ma san sunan ba, ya sa aka yi ta azabtar da shi, yana zaton wani birni ne da masu bi suka kafa a ɓoye don yi wa Roma tawaye. Ko a taron Nikiya na 325, "bishop na Iliya" aka rubuta. Larabawa ma da suka karɓi birnin a ƙarni na 7 sun yi ta kiransa Iliya kafin Baitul Muƙaddas da Ƙudus su yi rinjaye. Shi ya sa yau muke cewa Urushalima a sujada, mu ji Ƙudus a labaran rediyo, birnin kuwa ɗaya ne.

Duk da haka ikon sarki yana da iyaka, domin bakin talaka ne yake riƙe suna. Agaribas na Biyu ya sa wa Kaisariya Filibi sunan Kaisar Niro, bai daɗe ba. Yau Baniyas ake cewa, wato tsohon Faniyas ne ya dawo. A wani wurin kuma sunan mai mulki ne ya tsaya: Niyafolis, "sabon birni" da Romawa suka kafa kusa da Shekem a shekara ta 72, shi ne Nabulus na yau.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga wannan tarihi. A 1913 Lugga ya sa wa sabuwar tashar jiragen ruwa sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila, bakin Bahaushe ya mai da shi Fatakwal. Chadi ta cire Fort-Lamy ta sa Njamena a 1973. Kusa da gida kuma, garin da taswira ta ce Kagoro, masu shi Gworok suke cewa. Kafanchan Fantswam ne a bakin 'yan ƙasa. Zangon Kataf yana ɗauke da tarihi biyu: zango na fatake, da Kataf, sunan da baƙi suka ba mutanen da suke kiran kansu Atyap. Mun san irin jinin da aka zubar a can a 1992, kuma tambayar "garin wane ne" tana cikin tushen rikicin.

Saboda haka ma'aikacin da aka tura sabon wuri ya fara da tambayar dattawa sunan garin a harshensu, da ma'anarsa, da wanda ya sa sunan da yake kan takardun gwamnati. Ya tambayi maƙwabta na wata kabila ko wani addini su ma, domin su ma suna da nasu labarin. Sunan da za mu rubuta a allon majami'a, ko mu kira a addu'a, zai gaya wa jama'a ko mun ji su. Amma kada mu mai da bagadi wurin ƙwatar gari. Yahaya ya rubuta sunaye biyu na tafki ɗaya domin kowa ya gane inda Yesu ya ciyar da taron.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne sunan garin da kake hidima a harshen 'yan ƙasa, wa kuma ya sa sunan da hukuma take amfani da shi?
2. Yaya sanin tarihin Kaisariya Filibi zai canja wa'azinka a kan Matiyu 16?
3. Idan membobinka sun rabu a kan sunan da za a sa wa sabuwar majami'a, wace hanya za ka bi da su?