Daga Teburin Mai Shayi Zuwa Injin Gahawa

Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, abin sha mai zafi a kudancin kogin Kaduna da agogon masana'anta yake tafiya. Ma'aikacin da ya tashi daga aikin dare teburin mai shayi yake nufa. Gahawa kuwa a gwangwani ta iso teburin: garin Nescafé, rabin cokali cikin shayi mai madara, domin korar barci, ba don daɗi ba.

A Italiya injin aka ƙera mata. Luigi Bezzera ya yi rajistar nasa a Milan a 1901, Achille Gaggia ya ƙara ƙarfin matsin ruwan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Injin gida na yau, mai niƙa ƙwayar, ya tace, ya kuma dama madara ta yi kumfa, jikansu ne.

Sai dai wanda ya ajiye irinsa a Barnawa ya gaji tsohuwar matsala. Injin na jan fiye da wat 1,000, rashin tsayayyar lantarki kuwa yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun, har KTL ta rufe a 2002. Ran da aka ɗauke wuta da asuba, butar mai shayi tana nan kan garwashi.